Sa'a ta Goma Sha Ɗaya

Karatunmu na yau yana cikin Matiyu sura 20, aya 1 zuwa 16, misalin mai gonar inabi da ma'aikatansa. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a ba yaro ya buɗe wurin.

Akwai abin da kan rikita mai karatu a wannan sura. A wata fassara za ka ga an ce sa'a ta uku, a wata kuma ƙarfe tara, alhali aya ɗaya ce. Ba kuskure ba ne. Mutanen zamanin Yesu ba su ɗaura agogo a hannu ba, rana suke dubawa. Sukan fara ƙirga daga fitowarta, su raba yini kashi 12 har faɗuwarta. Yesu da kansa ya ambaci sa'o'i 12 na yini a Yahaya 11:9. Saboda haka sa'a ta uku wajen ƙarfe 9 ke nan, ta shida tsakar rana, ta tara wajen ƙarfe 3. Har yau mutanen Habasha suna ƙirga lokaci daga wayewar gari kamar haka.

Sa'arsu kuwa takan miƙe, takan taƙure. A Urushalima yini yakan kai awa 14 a watan Yuni, ya sauko zuwa awa 10 a Disamba, amma kashi 12 ɗin nan ba ya canzawa. Sa'a ɗaya takan zama minti 70 a wani lokaci, minti 50 a wani.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Kakanninmu sun san sassafe, da hantsi, da rana tsaka, da la'asar, da almuru, kowace kabila kuma tana da nata sunayen. Ga yadda za ku gwada gobe a gona. Tsaya a fili, ka lura da inda inuwar kanka ta tsaya, ka auna ta da tafin ƙafarka, diddige a bakin yatsa. Tsawon mutum wajen ƙafa shida da rabi ne zuwa bakwai na ƙafarsa. In da safe inuwarka ta yi daidai da tsawonka, hantsi ya yi, wajen ƙarfe 9 da 'yan mintoci. Daga nan za ta yi ta raguwa har ta kai iyakar gajartarta, rana tsaka ke nan. A wajen Jos wannan yakan zo ne bayan ƙarfe 12 na agogo, wani lokaci har 12 da rabi. Sau biyu a shekara kuma, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, inuwa takan shige ƙarƙashin ƙafa gaba ɗaya. In ta juya gabas ta sāke kai tsawonka, ƙarfe 3 ya wuce. Da irin wannan awo ne maƙwabtanmu Musulmi suka daɗe suna sanin lokacin la'asar. Sai dai a lura, da hunturu rana takan karkata kudu, inuwa ta fi tsawo, awon kuma ya ɗan goce.

To, mu koma kasuwar da Yesu ya ba da labarinta. Mai gona ya fita da sassafe, ya yi jinga da 'yan ƙwadago a kan dinari ɗaya, ladan yini guda. Ya koma da hantsi, ya koma rana tsaka, ya koma da inuwa ta juya. Sa'an nan ya sāke fita a sa'a ta goma sha ɗaya. Ku kwatanta wannan lokaci a ranku. Rana ta yi ƙasa, inuwar mutum ta kusa ninka tsawonsa huɗu, kaji sun fara neman makwanci, 'yan kasuwa suna ɗaure kaya. Wane mai gona ne zai ɗauki ɗan ƙwadago a wannan lokaci? Amma ga mutane a tsaye. Mukan yi saurin ce musu malalata. A ganina ba mu yi musu adalci ba, gama da aka tambaye su, amsarsu ita ce ba wanda ya ɗauke su. Malalaci da tuni ya koma gindin itace. Waɗannan sun tsaya yini guda suna kallon inuwarsu tana gajarta, tana juyawa, tana tsawo, sun kuwa san abin da take faɗa musu: yau babu tuwo a gida.

Da magariba aka biya kowa dinari ɗaya, aka fara da na ƙarshe. Na farko suka yi gunaguni, sun sha zafin rana. Ba a rage musu ko anini ba. Abin da ya ci musu rai shi ne alherin da aka yi wa wani. Dattijon da ya ba da gaskiya yana shekara 70, kada kowa a ikilisiya ya sa masa ido kamar ya zo cin arha.

Me ya sa aka biya su a yammacin nan, ba a ce su dawo ranar kasuwa ba? Shari'a ce. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, domin da kuɗin nan zai ci. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladansa ya kwana a hannunka. Ɗan'uwa, kai da ka ɗauki yara su yi maka kunyar doya, 'yar'uwa, ke da mata suka yi miki yankan acca, ba sai kun nemi agogo ba. In inuwa ta ninka tsawonku huɗu, saura kamar awa ɗaya ku ƙirga musu kuɗinsu.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda suke raba dare kashi huɗu, da carar zakara. Ku karanta Markus 13:32-37 kafin mu sadu. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.