Bajariga: Tsuntsun Garke a Cikin Keji



An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan bajariga, ɗan ƙaramin akun nan da yara kan matsa wa iyaye su saya masu. Maganata guda ce: wanda bai san yadda wannan tsuntsu yake rayuwa a daji ba, yana iya kashe shi a gida alhali yana ganin gata yake yi masa.

Asalinsa ƙasar Ostareliya. Tsawonsa kamar santimita 18 ne, nauyinsa giram 30 zuwa 40. Kore da rawaya ne launinsa na daji. Shuɗi da fari kuwa a hannun masu kiwo aka raya su. Wani Bature masanin tsuntsaye, John Gould, shi ya kai shi Ingila a 1840, daga nan ya bazu cikin duniya.

A ƙasarsa garke-garke yake yawo, yana bin ruwan sama kamar makiyayi, yana cin 'ya'yan ciyawa. In abinci ya wadata, sai macen ta shiga kogon itacen turare ta yi ƙwai 4 zuwa 6, ta kwanta kansu kwana 18. Bayan kamar wata guda 'ya'yan su tashi.

To, me wannan ya koya mana?

Na farko, tsuntsun garke ba ya jure kaɗaici. Ku sayi biyu. Ku dubi fatar da ke saman bakinsa: ta namiji shuɗiya ce, ta mace ruwan ƙasa ko fari-fari.

Na biyu, mai tashi ne. Kejin ya zama mai faɗi, ba dogo kawai ba.

Na uku, gero abincinsa ne, amma gero zalla kan jawo masa ƙiba da maƙoƙo. A haɗa masa da ganye da karas, a sake masa ruwa kullum. Kada a ba shi fiya, guba ce gare shi.

Na huɗu, numfashinsa ba ya ɗaukar hayaƙi. A nisanta shi daga murhu, da taba, da maganin sauro. A kuma kare shi daga iskar hunturu.

Na biyar, yakan ɓoye ciwo, domin a daji mai rauni shi ake fara kamawa. In kun ga ya kumbura gashi ya yi shiru, ku garzaya wurin likitan dabbobi. A riƙa wanke hannu bayan share keji, domin akwai cutar aku da ke kama mutum.

'Yan'uwa, da kyakkyawar kulawa yakan kai shekara 10. Wanda ya sa shi a keji ya ɗauki amana. In ba za mu iya riƙe ta ba, gara kada mu saya.