Abin da Baran Elisha Ya Gani



Mu 'yan kasuwa ba sai an gaya mana akwai abin da ido ba ya gani ba. Ciniki ya tsaya kwana uku, sai raɗe-raɗi ya tashi: wance ta binne laya a bakin rumfa, wance ta yi asiri. Maganar nan ta fi tsadar kaya kashe adashe, don wadda kike zargi da maita ba za ki miƙa mata zubinki ba.

Albarkacin ajin yaƙi da jahilci, yanzu muna karanta Littafi Mai Tsarki da kanmu, yatsa a kan layi. A 2 Sarakuna sura 6, sojojin Suriya sun kewaye Dotan da dare. Baran Elisha ya fito da sassafe, ya gan su, hankalinsa ya tashi. Elisha ya yi addu'a, Ubangiji ya buɗe idon yaron, sai ga dutse cike da dawakai da karusan wuta. Ku lura fa, ba mayu aka nuna masa ba, rundunar da ke tsaronsa ya gani. Sojojin nan kuwa da suka shiga hannu a Samariya, Elisha ya hana sarki kashe su, ya sa aka ba su abinci.

Ba mu ce Shaiɗan ya yi barci ba. Amma Afisawa 6 ba ta nuna mana maƙwabciya a matsayin abokiyar gaba ba.

To, ga roƙonmu. Wadda ciniki ya tsaya mata, ta kira mu, mu durƙusa tare, mu buɗe littafin bashinta mu duba, kafin sunan wata ya fita daga bakinta.