Barin Aikin Gwamnati Lokacin Sauyin Mulki: Darasi Daga Fadamar Haɗeja



Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, muna kuma gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa gaban manya mu faɗi albarkacin bakinmu. Abin da za mu yi magana a kansa ya shafi kusan kowa a wannan zaure, domin yawancinmu da zarar mun gama hidimar ƙasa takardar neman aikin gwamnati za mu fara rubutawa, waɗansu daga cikin baƙinmu kuwa sun riga sun shiga. Tambayarmu ita ce: idan mulki ya sauya hannu, ƙasa ta ruɗe, ma'aikatan da suka daɗe suka bar kujerunsu, me ake rasawa, kuma wa ke ɗaukar hasarar? Mun zaɓi mu nemi amsar a gida, watau ƙasar Haɗeja da fadamarta, saboda can muka sani, can ne kuma aikin ma'aikaci ko rashinsa ke bayyana a cikin rumbun talaka.

Bari mu fara da tarihi, ko da yake ba a haife mu ba sa'ad da yawancinsa ya faru. A shekarar 1966 an yi juyin mulki sau biyu, aka kuma yi kashe-kashe a garuruwan Arewa. Dubban ma'aikata 'yan Jihar Gabas suka kwashe iyalansu suka koma gida, a cikinsu har da masu yawa na jirgin ƙasa da gidan waya. Hanyar jirgin da ta tashi daga Kano zuwa Nguru ta ratsa ƙasarmu ta Malam Madori da Birniwa, saboda haka wannan tafiya ba labarin nesa ba ce gare mu. A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, aka rarraba ma'aikatan tsohuwar Gwamnatin Arewa da ke Kaduna zuwa jihohi shida, mu kuma muka faɗa Jihar Kano a ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo. Wannan shi ne karo na farko bayan samun mulkin kai da ma'aikaci ya gane cewa kujerarsa tana iya motsi da motsin siyasa.

Babbar girgiza ta zo ne a 1975. Ranar 29 ga Yuli aka kifar da gwamnatin Gowon, Janar Murtala Muhammad ya hau. An tuɓe gwamnoni 12 gaba ɗaya, daga baya binciken dukiya ya sami goma daga cikinsu da laifi. Sa'an nan tsintsiyar ta juyo kan ma'aikata. A cikin 'yan watanni an sallami fiye da mutum 10,000 a duk ƙasa, daga manyan sakatarori irin su Philip Asiodu, da Babban Jojin Ƙasa Taslim Elias, har zuwa ƙananan akawuna da masinjoji. Dalilan da aka bayar sun haɗa da cin hanci, da rashin iya aiki, da tsufa, da rashin lafiya. Da yawa a rediyo ko a jarida suka fara jin sunayensu, kafin takarda ta iso musu.

Wajibi ne mu yi adalci a nan. Jama'a sun yi murna da wannan shara, kuma murnarsu tana da dalili. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, waɗansu ma'aikata sun mai da ofis gonar gado, talaka kuwa sai ya yi sammako sau uku kafin a duba takardarsa. Murtala ya taɓa ciwon da ke damun mutane, shi ya sa har yau ake ambatonsa da alheri tun bayan kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Inda gizo ya yi saƙa shi ne hanyar da aka bi. An haɗa mai laifi da marar laifi a jerin suna guda. An ba shugabannin ma'aikatu damar kawo sunaye cikin gaggawa, wanda ke da tsohuwar gaba da na ƙasa da shi kuwa ya sami ranar ramuwa. Ba a tuhumi mutum a rubuce ba balle a saurari amsarsa, alhali kuwa ƙa'idar aikin gwamnati ta tanadi haka tun zamanin Turawa.

To, wane darasi waɗanda suka tsira suka ɗauka? Kafin wannan lokaci, yarjejeniyar da ke tsakanin gwamnati da ma'aikacinta a fili take: albashi kaɗan ne, amma idan ka riƙe amana babu mai taɓa ka har ka kai ga fansho. Da aka warware wannan alkawari, sai ma'aikaci ya ga cewa gaskiyarsa ba ta isa ta kāre shi ba, ya fara tunanin tanadin gobe tun yau, ta kowace hanya. Manyan ma'aikata da yawa da suka ga zamanin sun sha faɗin cewa sharar da aka yi don kashe cin hanci ta ƙara masa taki. Waɗansu ƙwararru kuma da ba a kora ba suka ajiye aikin da kansu, suka shiga kamfanoni da kwangila, gudun kada su wayi gari su ji sunansu a rediyo.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi wata sallamar mai yawa, ta kuma kafa Doka ta 17 ta 1984 wadda ta hana kotu sauraron ƙarar wanda aka sallama a ƙarƙashinta. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka ta 43, aka mai da Babban Sakatare ya zama Babban Darakta wanda zai sauka tare da gwamnatin da ta naɗa shi. An soke wannan tsari bayan kwamitin Allison Ayida ya yi nazarinsa a tsakiyar shekarun 1990, amma ɗabi'ar da ya shuka, ta ma'aikaci ya nemi ubangida a cikin 'yan siyasa, ta fi dokar daɗewa. Ranar 27 ga Agusta, 1991 kuma aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, hedkwata a Dutse. Iyayenmu da suka yi shekaru suna aiki a Kano suka tattara fayil-fayil suka nufi garin da bai da isassun ofisoshi ko gidajen da zai ɗauke su. Waɗansu sun jure zirga-zirga, waɗansu suka gwammace ritaya. A zamanin Gwamna Saminu Turaki an rarraba ma'aikatu zuwa hedkwatocin masarautu, bayan 2007 Gwamna Sule Lamiɗo ya mai da su Dutse. Kowace ƙaura da takardun da ta ci, da mutanen da ta zubar a hanya.

Yanzu sai mu gangara fadama. Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso mu, sa'an nan ya rarrabu cikin fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri har Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni ambaliyar damina ce abincinmu: manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, ruwa ya janye Bafulatani ya sami ciyawa, mai noman rani ya sami laima. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Challawa a 1992. Daga nan yawan ruwan da zai iso Haɗeja, da lokacin isowarsa, ya rataya ga hukuncin mutanen da ke zaune a ofis, bayan ikon Allah. Ruwan da a dā yake zuwa ya tafi, yanzu yana gudana rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. A 2020 da 2022 duk mun ga yadda matasan Haɗeja suka kwana suna ɗura ƙasa a buhuna suna ƙarfafa jinga don kada ruwa ya ci gari.

Ba mu ce korar ma'aikata ce ta kawo ambaliya ko ta shuka kacala ba. Abin da muke cewa shi ne, kogi irin wannan sai da dogon sani ake iya sarrafa shi. Gwamna shekara huɗu yake yi, ko takwas, na soja ma wani bai kai haka ba. Halin kogi kuwa sai an yi shekara ashirin ana rubuta shi kafin a gane shi. Wanda zai faɗa wa sabon kwamishina cewa mashigar ruwa kaza ta taɓa ɓallewa a shekara kaza, ko cewa burtalin shanu ya bi ta nan tun kafin a yanka gonakin, shi ne ma'aikacin da ya daɗe. Ranar da ya tafi ba shiri, sanin nan ya bi shi gida.

A hutun da ya wuce waɗansunmu sun kai ziyara wurin wani dattijo, kakan ɗaya daga cikinmu, a wani ƙauye gabas da Haɗeja. Aikinsa a dā shi ne kowace safiya ya je bakin kogi ya duba sandar awon ruwa, ya rubuta inda ruwa ya kai, ƙarshen wata ya aika da lissafin. A 1984 sunansa ya fito cikin waɗanda aka rage, ba tuhuma, ba bayani. Ya ce mana ya ƙara shekara biyu yana zuwa bakin kogin yana rubutawa, don ƙafarsa ta saba, kuma yana zaton wata rana za a aiko neman lissafin. Ya buɗe adakarsa ya nuna mana littattafan, gara ta ci gefen waɗansu. Muka tambaye shi ko ya yi fushi. Sai ya ce, “'Ya'yana, fushin ya daɗe da wucewa. Abin da ke damuna shi ne har yau ba wanda ya zo ya tambaye ni abin da na gani.” Mun bar gidan nan jikinmu a sanyaye.

'Yan'uwa, idan muka duba za mu ga barin aiki iri uku ne. Akwai wanda aka kora, akwai wanda ya ajiye da kansa, akwai kuma wanda yake zuwa ofis kullum amma zuciyarsa ta daɗe da yin ritaya: ba ya ba da shawara, ba ya sa hannu a kan abin da zai jawo masa magana, jira kawai yake wata ya ƙare. Na ukun nan ya fi yi wa talaka ɓarna, domin kujerarsa a cike take, ba za a nemo wani ba. Tsoro ne ya haife shi, kuma shi ne muka fi jin tsoron mu zama.

Saboda haka ga abin da muke ba kanmu shawara. Na farko, duk wanda ya kama aiki a cikinmu ya karanta ƙa'idojin aikin gwamnati da na kuɗi tun a watansa na farko, don wanda bai san haƙƙinsa ba da tsawa ɗaya ake firgita shi. Na biyu, mu riƙa rubuta shawararmu a fayil, da kwanan wata da sa hannu, ko da mun san ba za a bi ta ba. Gwamnati takan wuce, fayil ya saura. Na uku, mu raɓi tsofaffin ma'aikata tun suna nan, na ofis da waɗanda suka koma gida, mu tambaye su, mu rubuta. Masu neman abin da za su yi bincike a kansa a shekarar ƙarshe, ga littattafai can a cikin adaka suna jiransu. Na huɗu, mu tsare hannunmu, mu kuma koyi sana'a ta halal a gefe, ko noman rani ne, domin wanda ke da abin da zai koma wa ya fi iya cewa a'a. Idan kuwa ranar ta zo da aka umarci ɗayanmu ya yi abin da zai cuci jama'a, ya ga ba makawa sai ya ajiye aikin, to ya ajiye a fili, ya rubuta dalilinsa, ya bar cikakken bayanin miƙa aiki ga wanda zai gaje shi.

Ga shugabanninmu kuma muna da roƙo, cikin ladabi. Ma'aikacin da ya ci amana a hukunta shi, ba mu nema masa sassauci ba. Amma a tuhume shi da sunansa da laifinsa, a saurare shi, a bar masa hanyar kotu. Wanda ya gama aikinsa lafiya a biya shi fansho da garatuti a kan kari, domin matashin da ke kallon ubansa yana jeka-ka-dawo a kan haƙƙinsa yana koyon darasin da ba a so ya koya. Sabuwar gwamnati kuma ta tuna cewa ma'aikacin da ya yi wa wadda ta gabace ta aiki da gaskiya ya cancanci riƙewa, don ita ma gaskiyar nan za ta bukata.

Mu da muka sha ruwan kogin Haɗeja muka girma, da kuɗin shinkafa da kifin fadama aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Bashi ne a kanmu. Gwamnatoci za su zo su wuce a zamanin aikinmu kamar yadda suka yi a zamanin iyayenmu, damina kuwa ba za ta fasa zuwa ba, kuma dole a sami wanda zai je bakin kogi da safe ya rubuta inda ruwa ya kai.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.