Amsar Takardunku: Hagu Da Dama A Siyasa

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin auduga a ƙasar Funtuwa. Ya ce yakan ji 'yan boko suna cewa wane ɗan "left" ne, wane kuwa ɗan "right". Shin zagi ne ko yabo?

To malam, ba zagi ba ne. Left dai hagu ke nan da Turanci, right kuma dama. Na san inda hankalinka ya tafi, tunda mu nan ba ma ci da hagu, ba ma miƙa wa babba abu da ita. Amma asalin maganar wurin zama ne kurum. A shekarar 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, 'yan majalisar da ke goyon bayan sarki suka zauna ta hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage masa iko suka zauna ta hagu. Sunan ya bi su har yau.

'Yan dama su ake kira "conservative", wato masu ra'ayin riƙau. A harkar kuɗi, so suke gwamnati ta janye hannunta, kasuwa ta yi halinta. 'Yan hagu kuwa cewa suke a'a, gwamnati ta tallafa wa talaka da taki da makaranta da magani. Can cikinsu akwai "socialist", su ne 'yan gurguzu. Akwai kuma "radical", wanda mukan fassara da mai tsattsauran ra'ayi. Ni dai fassarar ba ta cika gamsar da ni ba, don takan sa a zaci ɗan tayar da fitina ne, alhali asalin kalmar daga saiwa ne: mai son a tuge matsala tun daga tushe. Haka aka riƙa kiran Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a 1950.

A 1989 Janar Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP mai alamar doki ta ɗan karkata hagu, NRC mai gaggafa ta ɗan karkata dama.

Sai dai fa, malam, sau da yawa suna daban, aiki daban. Rushe hukumar sayen auduga da aka yi a 1986 ƙarƙashin shirin SAP, aka bar ka da 'yan kasuwa, wannan aikin dama ne. Haka ma janye tallafin man fetur a 2023, ko da yake jam'iyyar da ta janye shi, APC, tana ɗauke da kalmar "progressive" a sunanta, wadda galibi 'yan hagu ke kiran kansu da ita.