Gangaren Layi: Lissafin da Magini Ya Riga Ya Sani



Ɗalibai da yawa kan tsorata da zarar malami ya rubuta y = mx + c a allo. Alhali kuwa maginin da ke ɗora rufin kwano kullum da wannan lissafi yake aiki. Idan rufi ya tashi mita 1 a tsawon mita 4, gangarensa ɗaya bisa huɗu ne, kuma shi ke sa ruwan sama ya sauka bai kwanta ba. Wannan gangaren shi ne m: a raba hawa da nisan tafiya.

Ɗauki ɗigo biyu, (1, 5) da (3, 11). Hawan ya kai 6, tafiyar 2, gangaren ya zama 3. Mayar da ɗigon farko: 5 daidai yake da 3 a tara da c, ashe c ita ce 2. Layinmu ya fito: y = 3x + 2.

 Malamai, ku fara da rufin kwano kafin alli. Yaron da ya ga amfanin abu ba ya gudunsa.

Mu kwana nan.