RANA, TAMBA DA TAFIYAR ƘAFA: JAWABI GA IYAYENMU MATA MAZAUNA KURMI

Wannan shi ne jawabin da wata ma'aikaciyar jiyya, 'yar asalin Kagarko ta Jihar Kaduna, ta yi wa taron matan Arewa mazauna Agege a Ikko. Mun buga shi ɗungum domin amfanin masu karatunmu na Sabon Badun, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal.

Shugabar taro, iyayena mata, yayyena da ƙannena, ina yi muku sallama, ina kuma gode muku da kuka bar tukwanenku da sana'o'inku kuka zo sauraron 'yarku. Ku gafarce ni in na taɓo abin da kunya ta ke hana mu faɗi a bainar jama'a, domin wanda ya ɓoye ciwonsa ba ya samun magani.

Zan fara da labarin goggona. Sa'ad da ta ke Kagarko, ita ce mai ɗauko dammin itace daga daji, ita ce mai tsaga citta tana shanyawa a rana tun daga hantsi har la'asar, kana ta taka da ƙafa zuwa kasuwa ta komo. Ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta Ikko domin ta huta, ta zauna shekara da shekaru a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, ba ta ganin rana sai ta taga. Wata safiya santsi ya kwashe ta a makewayi, faɗuwar da ba ta kai a ce sannu sau biyu ba, amma sai ga ƙashin ƙugu ya karye. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ƙashinta ya zama kamar karan da gara ta cinye, ya kuma gano tana da ciwon sukari wanda ba wanda ya sani. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake tafiya ba sanda ba. Hutun da aka so mata da alheri, shi ya gama da ita.

To, me ya ke faruwa a jikin mace idan shekaru suka ja? Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma likitoci ba su cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba sammu ba ne. Abin da ya ke aukuwa shi ne, wani sinadari mai suna istirojin, wanda mahaifar ƙwai ta ke fitarwa, yana raguwa ƙwarai. Shi ne mai gadin ƙashin mace. Da ya janye, sai ƙashi ya riƙa zubewa da misalin kashi 2 cikin 100 kowace shekara a 'yan shekarun farko, ba tare da zafi ko wata alama ba. Har wa yau kitse yakan bar cinya ya koma ciki ya zama tumbi, shi kuwa kitsen ciki shi ne abokin tafiyar ciwon sukari da hawan jini. Ga kuma zafin jiki da gumin dare da ƙarancin barci, waɗanda da yawanku kun san su fiye da ni.

Ƙashi gini ne, tubalinsa kuwa sinadarin kalsiyam ne da mu ke samu daga abinci. Amma tubali ba ya kai kansa wurin gini, sai da mai ɗauka. Mai ɗaukar nan shi ne bitamin D. Idan babu shi, hanji ba ya tsotsar abin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam ɗin da aka ci. Idan kuwa ya wadata, yakan tsotsi kashi 30 zuwa 40. Mafi yawan bitamin D ba daga akushi ya ke zuwa ba. Fatar jiki ce ta ke yin sa idan hasken rana ya taɓa ta, sa'an nan hanta da ƙoda su gyara shi ya fara aiki. Baƙar fata tana bukatar rana fiye da farar fata, fatar dattijuwa ba ta kai ta budurwa saurin yin sa ba, ƙiba tana riƙe shi cikin kitse, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki.

Wata za ta ce, mu da rana ta ke gasa mu, yaya za mu rasa abin da rana ta ke bayarwa kyauta? A shekarar 1999 da ta 2020 an sami amsoshi biyu da ya kamata ku ji. A 2020 wata mujallar likitoci ta gidan Lancet a Ingila ta tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, aka ga kusan mutum 1 cikin 3 yana da ƙarancin bitamin D, kuma abin ya fi yawa ga mata da mazauna birane. Watau mu ke nan da mu ke zaune a wannan rumfa.

Amsar 1999 kuwa daga maƙwabtanmu ta fito. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun duba yara 123 waɗanda ƙafafunsu suka yi gwame ko suka lanƙwashe kamar baka. Suka tarar kalsiyam ɗin da yaran su ke samu a abinci bai wuce misalin miligiram 200 a yini ba, kuma waɗanda aka bai wa kalsiyam sun fi waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai warkewa. A 2015 suka sake nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa tare da ƙashinsa ya warkar da mafi yawan irin yaran nan cikin wata shida. Gaskiya ne a kan yara aka yi binciken, amma ai tukunyar da ta ciyar da yaro ita ta ke ciyar da uwa da kaka. Darasin shi ne, ga mai ɗauka ga tubali, dole a haɗa su biyu.

Masana a Amurka sun ƙayyade cewa macen da ta haura shekara 50 tana bukatar kalsiyam miligiram 1,200 a yini. Ina za mu samo shi? Ku tuna abin da muka baro a gida. Tamba, wadda iyayenmu na kudancin Kaduna su ke yin kunu da tuwo da ita, tana da kusan miligiram 350 a kowane giram 100, alhali shinkafa da masara ba su kai miligiram 30 ba. Kofi ɗaya na nonon Fulani yana da misalin miligiram 300. Ga kuka, ga zogale, ga riɗi, ga wake, ga ƙananan kifi busassu da a ke dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Nan Kurmi kuwa Allah ya ba mu kifin teku mai maiƙo da na gwangwani, waɗanda su da gwaiduwar ƙwai su ne kan gaba wajen bitamin D cikin abinci. Amma me mu ke ci yau? Burodi da shayi mai sukari cokali huɗu da safe, farar shinkafa da rana, teba da dare, ga lemon kwalba a biki. Ciki ya cika, ƙashi yana jin yunwa, jini kuwa ya cika da sukari.

Bari in ja kunnenku game da ƙwayoyin da a ke talla, ana cewa bitamin D yana maganin kome da kome. An gwada wannan magana. A Amurka an bi mutum fiye da 25,000 shekara biyar ana ba rabinsu ƙwayar bitamin D kullum. Sakamakon da aka bayyana a 2018 da 2022 ya nuna ba ta rage ciwon zuciya ba, ba ta rage ciwon daji ba, ba ta kuma rage karayar ƙashi ga masu lafiya ba. Wani gwajin na 2019 a kan mutum 2,423 da su ke dab da kamuwa da ciwon sukari ya nuna ɗan sauƙi ne kawai wanda bai isa a kafa hujja da shi ba. Ƙwayar tana da amfani ga wadda likita ya tabbatar tana da ƙaranci ko ƙashinta ya yi rauni, amma yawan shanta barkatai yana iya lalata ƙoda. Kada kuɗin cefane ya tafi ga mai tallar magani a mota.

Saboda haka ina roƙonku abu biyar. Na ɗaya, ku nemi rana kamar rabin sa'a, kwana uku ko huɗu a mako, tsakanin hantsi da azahar, hannuwa da ƙwauri a buɗe. Wannan ba ya bukatar fita waje. Tsakar gida ko bayan ɗaki wurin shanya ya isa, kuma mata suna iya keɓe wa kansu lokaci. Na biyu, duk mai zuwa gida ku ba shi saƙon tamba da acca da kuka da riɗi, kamar yadda ku ke ba da saƙon citta da daddawa. Na uku, ku motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Tafiyar ƙafa tana ƙarfafa ƙashi, tana kuma rage sukarin jini. Na huɗu, ku rage sukari da gishiri. Gishirin yini kada ya kai giram 5, misalin ƙaramin cokali ɗaya, kuma ku sani magi da kanwa duk dangin gishiri ne wajen ta da hawan jini. Na biyar, ku je a auna jininku da sukarinku ko da sau ɗaya a shekara, ku kuma sa awon tela a ƙugu. In ya wuce santimita 80, to, a yi hattara. Wadda kuwa ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke da shekara guda, kada ta kwana biyu ba ta ga likita ba.

Ga iyayenmu maza da 'ya'yanmu kuma, waɗanda saƙon nan zai iske su a zango da kara da tasha, ina cewa: gata ba shi ne a zaunar da uwa a ɗaki a hana ta ɗaga tsinke ba. Ku bar ta ta yi shara, ta kai jika makaranta, ta ziyarci 'yan'uwa. Ku sayo mata kifi da nono, ku gyara santsin makewayi, ku raka ta asibiti. Da mun san haka, da goggona ta koma Kagarko da ƙafafunta.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya kuma maishe mu gida lafiya.