Labarin Likitan Babbar Ruga

 

Duk wanda ya san Jahun ya san ɗakin masu yoyon fitsari da ke babban asibitinta, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta kama aiki cikin shekara ta 2008. Amma aikin ya girmi ɗakin. A Katsina ya yi saiwa, a hannun wani Bature mutumin ƙasar Holan, ana ce da shi Likita Kees Waaldijk.

Shi kuwa ba don wannan ciwo ya zo ba. Cikin 1983 ya sauka Babbar Ruga, asibitin kutare, domin kuturta aka ɗauko shi. Yana nan sai ga mata suna ta zuwa, yawancinsu yara ne masu haihuwar fari, waɗanda naƙuda ta yi wa tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Ɗa ya koma, fitsari ba ya tsayawa dare da rana, sau da yawa kuma miji ya ba da takarda. Likita ya ga abin ya fi gaban kallo, sai ya shiga ɗinki.

Bai tsaya ga ɗinki kaɗai ba. Kowace mace ya yi wa aiki sai ya rubuta girman hujin, da inda yake, da yadda aka ƙare. Da labarin mata 775 ya sami digirinsa na bincike a Utrecht cikin 1989.

Babban abin da rubutun nan ya haifa ga shi. A da, al'adar likitoci ita ce mace ta jira wata uku kafin a taɓa ta, watau wata uku na wari da ƙyama. Shi ya ce a'a, a sa mata robar fitsari nan da nan. Cikin 2004 ya bayyana abin da ya gani ga mata 1,716: waɗansu roba kaɗai ta warkar da su, ba wuƙa, saura kuwa aka ɗinke su da wuri, mafi yawansu suka warke.

Ya yi aiki har wa yau a asibitin Murtala na Kano, ya koyar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa, na gida da na ƙasashen waje. Ayyukan da ya yi da hannunsa sun haura 20,000.